Tozon Kelbin 55: Yadda Haidurojin Cikin Faladiyam Ya Wahalar da Masu Awon Zafi Kusan Shekara 60

A shekarar 1957, a Jami'ar Jihar Fensilbeniya da ke Amurka, wasu masana sinadarai biyu, Donald Nace da John Aston, suka ɗauki garin ƙarfen faladiyam suka shayar da shi iskar haidurojin, har sai da kowace zarra biyu ta ƙarfen ta samu zarrar haidurojin ɗaya. Suka sanyaya shi zuwa wajen Kelbin 15, wato digiri 258 ƙasa da inda ruwa ke ƙanƙara (Kelbin ma'aunin ɗumi ne da ke fara ƙirga daga iyakar sanyi). Daga nan suka riƙa ɗumama shi kaɗan-kaɗan, suna rubuta yawan zafin da yake ci kafin ya hau kowane digiri. Aiki ne na haƙuri, irin wanda ba a cika sa ran ganin abin mamaki a cikinsa ba. Kamata ya yi layin awon ya tashi sumul, kamar yadda yake yi a jan ƙarfe da azurfa da shi kansa faladiyam idan cikinsa fayau yake. Sai ga tozo ya ɓullo a wajen Kelbin 55. Ƙarfen ya ci zafi fiye da ƙima na ɗan taƙi, sannan ya koma kan hanyarsa kamar ba shi ba.

Wannan ɗan tozon ne masana suka yi ta kai-kawo a kansa har zuwa 2015. A littattafansu suna kiransa baƙon lamarin Kelbin 50, domin awo daban-daban kan nuna shi tsakanin 50 da 60.

Ƙarfen da ke shan iska

William Wollaston ne ya gano faladiyam a Landan a 1802. Fari ne, mai tsada, kuma Rasha da Afirka ta Kudu ne kan gaba wajen haƙo shi. Mai mota ya fi kusa da shi fiye da yadda yake zato, don yana cikin tukunyar nan ta salansa mai tace hayaƙi, wadda ɓarayi ke yankewa saboda ƙarafan da ke cikinta. A 1866 Thomas Graham, shugaban gidan buga kuɗi na Ingila, ya gano cewa wannan ƙarfe yana shan haidurojin kamar yadda soso ke shan ruwa. A ɗumin ɗaki yana iya haɗiye iskar da ta ninka girmansa kusan sau 900. Iskar kan rabu gida biyu a fuskar ƙarfen, kowace zarra ta kutsa ita kaɗai ta nemi gurbi tsakanin zarrorin faladiyam. Ƙarfen kan kumbura da wajen kashi 10 cikin 100, amma tsarin gininsa ba ya rushewa.

Gurabun iri biyu ne, kuma rabin rigimar da ta biyo baya a kansu aka yi. Akwai babba, wanda zarrorin faladiyam 6 suka kewaye, guda ɗaya ga kowace zarrar ƙarfe. Akwai ƙanana, masu maƙwabta 4, biyu-biyu ga kowace zarra. Wani abu kuma: a ɗumin ɗaki faladiyam ba ya yarda da tsaka-tsaki. Ko dai ya ɗauki haidurojin ɗan mitsitsi, wajen 2 ga kowace zarra 100, ko kuma ya ɗauki wajen 60 zuwa sama. Idan aka ba shi 50, kamar yadda Nace da Aston suka yi, sai ya rabu unguwa-unguwa, wasu wuraren sun ƙoshi, wasu kusan babu komai.

Me ya sa tozon ya zama abin magana

Kowane abu da irin cikinsa wajen cin zafi. Cokali kan ɗau zafi nan da nan, randar ruwa kuwa sai ta wuni a rana. Tun 1819 Dulong da Petit a Faransa suka lura cewa idan aka ƙirga da yawan zarra, yawancin ƙarafa cinsu ɗaya ne a ɗumin ɗaki, wajen jul 25 ga kowane mol a kowane digiri (jul ma'aunin kuzari ne, mol kuma ma'aunin yawan zarra). Da sanyi ya tsananta sai cin ya ragu. Einstein ya fara bayyana dalili a 1907, Debye ya gyara lissafin a 1912: zafin da ƙarfe ke ci yana tafiya ne cikin karkarwar zarrorinsa, kuma a can ƙasa idan aka rage ɗumi da rabi, cin zafin kan ragu sau 8. Ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki a cikin ƙarfe, su ma suna da ɗan rabonsu, wanda ba a jin ɗuriyarsa sai an sauka ƙasa da Kelbin 10 ko makamancin haka.

To ina rabon haidurojin a nan? A ƙa'ida, babu. Nauyin zarrar haidurojin 1 ne, na faladiyam 106, don haka tana karkarwa da sauri ƙwarai a cikin gurbinta, kuma dokar kwantam, wadda ke bayyana halin ƙananan abubuwa irin zarra, ta ce mai saurin karkarwa ba ya karɓar kuzari sai a babban dunƙule. Kamar ɗan kasuwar da ba ya sayar da mudu ne, sai buhu. Buhun haidurojin a faladiyam ya yi daidai da ɗumin Kelbin 650 zuwa 700. A Kelbin 55 kuwa canji ne kawai ke yawo a aljihu, ba mai kuɗin buhu. Ke nan karkarwar haidurojin ba ita ta ci zafin ba. Amma kuma idan babu haidurojin babu tozo. Dole akwai wani abin da yake yi a cikin ƙarfen ban da karkarwa.

Ya kamata a san yadda ake awon, don a nan bakin zaren yake. Ana zuba samfurin cikin ƙaramin gwangwani mai wayar ɗumamawa da ma'aunin zafi, a rataye shi a wurin da aka zuƙe iska, a kewaye shi da garkuwar da ake riƙe ɗuminta daidai da nasa don kada zafi ya shiga ko ya fita. Sai a ba shi sanannen kuzarin lantarki, a kashe, a jira ma'auni ya tsaya, a rubuta, a sake. Duk hanyar ta dogara ne kan zato guda: cewa in an jira 'yan mintoci samfurin ya gama daidaita kansa.

Amsar farko, da abin da niyutiron ya ce

Nace da Aston masana sinadarai ne, kuma sun yi tunani irin na gidansu. Suka ce a cikin ƙarfen akwai ƙananan dunƙule na zarrar faladiyam ɗaya da haidurojin 4 kewaye da ita, kuma tozon alama ce ta lokacin da waɗannan dunƙulen suka samu sakewa suka fara juyi. An san irin haka a daskararrun sinadarai da yawa, don haka ba shaci-faɗi suka yi ba. Sun gamsu har suka sa batun a kan taken rahotonsu.

Rashin sa'a, a wannan shekarar dai ta 1957, a cibiyar Oak Ridge, Worsham da Wilkinson da Clifford Shull suka haska sinadarin da niyutiron, ƙwayar cibiyar zarra wadda ba ta ɗauke da cajin lantarki. Hasken hoton ƙashi na asibiti ba ya ganin haidurojin a gefen faladiyam, don da ilektiron yake gani, kuma mai 1 ba ya fitowa kusa da mai 46. Niyutiron kuwa da cibiyar zarra yake hulɗa. Abin da suka gani shi ne haidurojin na zaune ɗaya-ɗaya a manyan gurabu masu maƙwabta 6, tsari irin na gishirin miya, sai dai wasu gurabun babu kowa. Ba dunƙule, ba juyi. Shull ɗin nan shi ne ya samu kyautar Nobel a 1994 saboda buɗe wannan hanya ta awo.

Aston bai saki lamarin ba. A 1963 shi da Mitacek suka sake awon da haidurojin mai yawa daban-daban, suka tarar tsayin tozon na canzawa amma mazauninsa bai gusa ba. A 1965 kuma Ferguson da Schindler da abokan aikinsu a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka suka kawo wata fassarar daga awon niyutiron: wai da sanyi ya kai wannan matakin, wasu zarrorin haidurojin na ƙaura daga manyan gurabu zuwa ƙanana. Ra'ayin ya yi farin jini na wani lokaci, amma awon da aka yi daga baya bai tabbatar da shi ba.

Gidan dara

Hanyar da ta fi dacewa da hankali ita ce ta tsari. A ɗauki gidan dara kamar yadda aka saba haƙa shi a ƙasa, layi 5 sau 6, gurabu 30, 'ya'ya 24. Kullum akwai gurabu 6 da ba kowa, kuma hanyoyin zaɓar waɗanda za a bari sun kusa 600,000. A cikin ƙarfe gurabun ba su ƙirguwa, kuma 'ya'yan da kansu suke tsalle. A ɗumin ɗaki kowace zarrar haidurojin kan yi tsalle daga gurbi zuwa gurbi sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Wannan yawan hanyoyin zama shi masana ke aunawa da abin da suke kira entirofi, ma'aunin hargitsi. Idan gurabu 6 cikin 10 ne a cike kuma zaman na kara-zube ne, lissafi na ba da wajen jul 5.6 ga kowane mol na faladiyam a kowane digiri.

Dokar zafi ta uku, wadda Walther Nernst ya kafa harsashinta a 1906, ta ce duk abin da ya samu damar daidaita kansa, hargitsinsa zai ƙare yayin da ake kusantar sifilin Kelbin. Saboda haka dole wata rana 'ya'yan daran su shiga layi. Zarrorin haidurojin ba sa son cunkoso da juna, kuma akwai zaman da ya fi musu sauƙi, sai dai ɗumi ne ke watsa su. In ɗumi ya ragu su jeru, in an sake ɗumamawa jerin ya watse, kuma watsewar na cin zafi. Ga tozo ke nan. An san haka a gaurayen jan ƙarfe da zinariya tun da daɗewa.

Bayanin ya yi daɗi a baki, amma da aka gwada shi da awo sai ya riƙa cijewa. Canjin tsari na gaskiya kan fito da tsini, wannan kuwa zagayayye ne. Zafin da ke ƙarƙashinsa bai kai ko kusa da abin da cikakken jeri zai buƙata ba. Masu niyutiron sun sanyaya samfuri sun duba, ba su ga sababbin layukan da jeri ke haifarwa ba. Rashin gusawar tozon a awon Aston ana iya ɗora wani ɓangarensa kan rabuwar nan ta unguwa-unguwa, tun da unguwar da ta ƙoshi ƙoshinta ɗaya ne ko an ƙara ko an rage. Amma ko a samfuran da suka wuce wannan iyakar, inda ƙarfen duka ya zama unguwa ɗaya, tozon bai yi tafiyar da ake tsammani ba.

Abin da ya faru a ƙasa da Kelbin 10

Ana cikin haka hankali ya ɗan karkata zuwa can ƙasa. Faladiyam ƙarfe ne da ya tsaya a bakin ƙofar zama maganaɗisu bai shiga ba, kuma ilektiron ɗinsa na cin zafi fiye da kima: ma'auninsu ya kai wajen milijul 9.4, alhali na azurfa, maƙwabciyarsa a jadawalin sinadarai, bai kai 0.7 ba. A 1966 Mackliet da Schindler suka auna cin zafin faladiyam mai haidurojin a sanyin ruwan hiliyam, suka ga wannan ma'aunin na faɗuwa warwas yayin da haidurojin ke ƙaruwa. Dalili shi ne haidurojin na cike giɓin ilektiron ɗin da ke jawo halin maganaɗisun. Da ya kai wajen 60 cikin 100, halin ya ɓace.

A 1972 Tadeusz Skośkiewicz a Warso, ƙasar Folan, ya cusa haidurojin fiye da yadda aka saba, sai ga sinadarin yana wuce da lantarki ba tare da wata turjiya ba. Shi faladiyam zalla ba ya yin haka. Idan aka kusa cike gurabu duka, wannan hali kan fara daga wajen Kelbin 9. A shekarar dai Stritzker da Buckel a Jamus suka harba diyuteriyam, wato haidurojin mai nauyi biyu, cikin ƙarfen, suka samu wajen Kelbin 11. Wannan ya saɓa wa abin da aka sani tun 1950 daga awon zaiba, inda zarra mai nauyi ke rage matakin. Ganguly ya ba da shawara a 1973 cewa sirrin na cikin yadda haidurojin mara nauyi ke lilo mai faɗi a gurbinsa, har yana jin bangon gurbin ya fi tauri. Sai a 2013 lissafin Errea da Calandra da Mauri a Faris ya nuna hakan dalla-dalla.

Na kawo wannan ne don kwatanci. Shi ma canjin nan yana barin tabo a layin cin zafi, amma tabonsa tsalle ne mai kaifi, domin ilektiron ba sa ɓata lokaci, kafin ƙiftawar ido sun daidaita. A Kelbin 55 kuwa zarra ce sukutum za ta tashi daga gurbi ta koma wani.

Agogo ya shigo cikin lissafi

Waɗanda suka fi nacewa kan wannan bambancin su ne F. D. Manchester da ɗalibansa a Jami'ar Toronto ta Kanada. Daga ƙarshen shekarun 1960 suka riƙa lura da cewa turjiyar lantarki ta samfurin, a kusa da Kelbin 50, ba ta tsayawa wuri ɗaya. A ajiye shi a ɗumi guda, a koma bayan awa ɗaya, an samu wani adadin. A sanyaya da sauri a samu wani layi, a sanyaya a hankali a samu wani. A 1977 Jacobs da Manchester suka nuna haka nan abin yake a ɓangaren zafi: samfurin na ci gaba da sauya hali bayan an kashe wayar ɗumamawa, kuma siffar tozon na bin irin tafiyar da aka yi da shi kafin awo.

Duk mai awon zafi ya san wannan jan ƙafa na ma'auni, kuma abin da aka koya masa shi ne ya zargi na'urarsa: ko garkuwa na yoyon zafi, ko waya ta saki. A ganina wannan tarbiyya, wadda ke da amfani a kusan kowane awo, ita ta jinkirta fahimtar lamarin. An daɗe ana share jan ƙafar a matsayin datti, ashe shi ne saƙon.

Da aka gane cewa lokaci na da hannu, sai masu niyutiron suka canza dabara. Suka koma diyuteriyam, don haidurojin na yau da kullum na watsa niyutiron ta ko'ina ya cika hoton da hazo. Sannan maimakon su wuce Kelbin 50 a guje zuwa ƙasa, sai suka tsaya a nan suka jira, awanni masu yawa, wani lokaci kwanaki. A 1978 Anderson da Ross da Carlile a Birtaniya suka ga sababbin layuka sun fito a samfuri mai diyuteriyam 64 ga zarra 100 na faladiyam. Jerin da suka gano na shimfiɗa-shimfiɗa ne a karkace cikin ginin ƙarfen: biyu a cike, biyu da sauƙin jama'a, a sake. A 1979 Ellis da Satterthwaite da Mueller da Brun a Amurka suka gwada mai 76, suka samu wani jerin dabam: shimfiɗa 4 a cike, ta 5 babu kowa. Huɗu cikin biyar, daidai da gidan daran nan mai 'ya'ya 24 a gurabu 30. Blaschko da abokan aikinsa a Biyena suka bi da jerin awo a shekarun da suka biyo, suna kallon yadda hazo-hazon ƙaramin tsari ke taruwa sannu a hankali kafin ya zama layi.

To, jeri dai gaskiya ne. Amma hakan bai rufe magana ba, domin jerin da sai an yi kwanaki ake samu ba zai zama shi kaɗai ne ke haifar da tozon da ke fitowa a awon mintoci ba.

Halin da haidurojin ke ciki a wannan sanyin shi ne gaba kura baya sayaki. A sama da Kelbin 80 ko makamancin haka yana da ƙafar tafiya, amma ɗumi ya yi yawa, jeri ba ya zama. A ƙasa da 50 yana son jeri ƙwarai, amma ƙafa ta sandare, tsallen da yake yi sau biliyoyi a daƙiƙa ya koma sai an jira awanni. Tsakanin nan ne kawai, a ɗan siririn taƙi, son jeri da iya tafiya suka haɗu.

Darasi daga ƙanƙara

Waɗanda suka ƙulle maganar sun fito ne daga wata makarantar awon zafi ta Japan, wadda ta saba da irin wannan hali a wani wuri. Ƙanƙarar ruwa ma tana da haidurojin da bai jeru ba. Linus Pauling ya lissafa hargitsinta a 1935, Giauque da Stout suka auna shi a 1936, wajen jul 3.4, yana nan daram har ƙasa. A Jami'ar Osaka, Seki da Suga da ɗalibansu suka nuna a shekarun 1970 cewa ƙanƙara na da ɗan tozo a wajen Kelbin 100, kuma ba komai ba ne illa wurin da motsin haidurojin ke sandarewa kafin ya kai ga jeruwa. A 1982 Tajima da Matsuo da Suga suka ɗiga wa ruwan ɗan sinadarin fotash mai kaifi, wanda ke sassauta motsin, sai ga ƙanƙarar ta jeru a Kelbin 72, da tsini mai kaifi kamar yadda littafi ya ce.

Irin wannan sandarewa ita suke kira ta gilashi. Mai dafa alewa ya san ta ko bai san sunanta ba: narkakken sukari in ya huce da sauri sai ya daskare garai-garai, zarrorinsa a hargitse kamar na ruwa, don ba su samu lokacin shiga layi ba. In aka bar shi ya daɗe, sai ya yi tsakuwa-tsakuwa. Abin da mutanen Osaka suka ƙara shi ne cewa hakan na iya faruwa a cikin abin da gininsa a tsare yake, idan wani ɓangare nasa ne kawai ke da 'yancin motsi. Suna kuma da hanyar gane shi, kuma hanyar ita ce jan ƙafar nan ta ma'auni. In an sanyaya da sauri sannan aka fara ɗumamawa, da an kusanci wurin sai samfurin ya riƙa ɗumama kansa, don zarrori sun fara samun ƙafa suna gyara zama, suna sakin zafin da suka riƙe. In an ɗan wuce kuma sai ya riƙa sanyaya kansa, don yanzu tsarin da ya taru ne ke warwarewa yana jan zafi. Fitarwa a ƙasa, sha a sama, kuma girman kowanne na bin saurin sanyayawar da aka yi.

Osamu Yamamuro ya taso ne a wannan gidan na Osaka kafin ya koma cibiyar nazarin daskararrun abubuwa ta Jami'ar Tokiyo. A 2015 shi da Hiroshi Akiba da Maiko Kofu, tare da Kobayashi da Kitagawa na Jami'ar Kiyoto, suka maimaita awon Nace da Aston da na'urar zamani, suna bin jan ƙafar a kowane mataki maimakon share ta. Hukuncinsu shi ne tozon sandarewa ce irin ta gilashi: wurin da canjin gurbi na haidurojin ke tsayawa, a daidai lokacin da ya fara shirin jeruwa bai gama ba.

Da wannan sai tsofaffin tambayoyin suka warware ɗaya bayan ɗaya ba tare da an matsa musu ba. Tozon zagayayye ne kuma ƙarami domin somin-taɓin jeri kawai ake gani, an datse shi kafin ya kai tsininsa. Niyutiron bai ga komai da farko ba domin an wuce wurin a guje. Mazauninsa kuwa bai gusa ba domin ba ƙarfin ƙiyayyar zarrori da juna ne ya sa shi a nan ba. Wuri ne da tsawon jiran zarra kafin ta yi tsalle ya zo daidai da tsawon jiran mai awo kafin ya rubuta lamba. Kuma saurin tsallen na faɗuwa da gaggawa ƙwarai yayin da ake sauka, ta yadda ko mutum ya ninka haƙurinsa sau 10, 'yan digirori kaɗan tozon zai matsa. Shi ya sa ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban, da samfura daban-daban, suka yi ta samun kusan lamba ɗaya har suka ɗauka ta ƙarfen ce shi kaɗai, alhali da rabon agogonsu a ciki.

Ba na ganin adalci ne a ce mutanen Tokiyo sun gano abin da ba wanda ya taɓa hange. Manchester ya riga ya ɗora yatsa kan motsi da lokaci shekara kusan 40 kafin su, masu niyutiron kuma sun nuna inda zarrorin ke son zuwa. Abin da aka rasa shi ne wanda ya taɓa ganin irin cutar a wani majinyacin har ya san sunanta.

Wannan hali na haidurojin, na bin saurin sanyayawa, ya taɓa cin kuɗi a wani ƙarfen. A farkon shekarun 1990 masu gina na'urorin hanzarta zarra suka lura cewa kogunan niyobiyam ɗinsu, waɗanda ke aiki a sanyin ruwan hiliyam, na lalacewa idan aka daɗe da su a wajen Kelbin 100 yayin sanyayawa. Haidurojin da ƙarfen ya sha lokacin wanke shi da asid ne ke samun sukunin taruwa a fuskarsa. In an wuce wurin da sauri ba ya samun dama. Maganin da aka tsaya a kai shi ne a gasa kogon a wurin da babu iska don haidurojin ya fita, kamar yadda aka yi wa na babbar na'urar hasken XFEL ta Turai a Hambag, a digiri 800.

Su kuwa mutanen Yamamuro, shekara guda bayan rahotonsu, suka juya kan faladiyam da aka haɗa a matsayin ƙwayoyi masu faɗin 'yan nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), suka haska su da niyutiron. A wannan ƙanƙantar, wani kaso mai kauri na diyuteriyam ya bar manyan gurabu ya zauna a ƙananan nan masu maƙwabta 4, musamman a shimfiɗun da ke kusa da fuska. Gurabun da Ferguson da Schindler suka nuna a 1965 ke nan, waɗanda aka nema a dunƙulen ƙarfe aka rasa.